Cinikin Biri a Sama

"Kawu, tashi, hoto ya fito!"

Da wannan ihun ɗan ƙanwata ya tashe ni wata safiyar Asabar cikin watan Nuwamba, lokacin da na kai musu ziyara Ingila. Na zabura, na ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Ashe hoton kwalin kayan wasa ne, na sababbin Ninjago da kamfanin LEGO zai fitar a watan Janairu. Hoton ma dishi-dishi, kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Wani ne ya sato shi kafin kamfani ya ba da izini. Ni dai ban ga komai ba sai ja da kore da wani abu mai kama da fukafuki.

Ga wanda bai sani ba, LEGO 'yan bulullukan roba ne masu ƙuraje a ka, a danna wannan a kan wancan su kama juna, a gina gida ko mota ko jirgi. Wani kafinta ɗan Danmak, Ole Kirk Christiansen, ya kafa kamfanin a garin Billund a 1932 yana sassaƙa kayan wasa na katako, kuma a 1958 aka yi rajistar bulon da ake amfani da shi har yau. Ninjago kuwa a 2011 ya fito, da kayan gini da shirin talabijin a tare. Ninja huɗu aka fara da su: Kai mai jajayen kaya da wuta, Jay mai shuɗi da walƙiya, Cole mai baƙi da ƙasa, Zane mai fari da ƙanƙara. Malaminsu wani tsoho ne mai farin gemu, Wu, mayen shayi, ɗan'uwansa Garmadon kuma shi ne mugun. Daga baya aka ƙaro Lloyd mai kore, Nya ƙanwar Kai ita ma ta zama ninjar ruwa.

Na ɗauka lamarin na yara ne, sai da mijin ƙanwar tawa ya ce, "Yaya, shirya mu je ka ga abin mamaki." Ya kai ni wani zaure da masu son wannan abu suke haya sau ɗaya a wata. Ba yaro ko ɗaya sai namu. Manya ne, wasu da furfura, wasu da sanƙo, har suna da laƙabin da suke kiran kansu da shi, AFOL, wato baligi masoyin LEGO. Ranar kuwa ba zancen da ake yi sai na hoton nan. Kayan da ba wanda ya taɓa, ba wanda ya san farashinsa, amma kowa ya riga ya yanke masa hukunci.

Wanda ya fara tare ni shi ne na sa wa suna Malamin Duba. Ya buɗa hoton a wayarsa har ya zama tabo-tabo, ya nuna mini wani ɗigo a kusurwa ya ce wannan ƙahon Garmadon ne, ke nan zai dawo, ke nan akwai wanda zai ci amana a tsakiyar labari, kuma ya san ko wane ne. Na ƙura ido. Na ce masa ni kam kamar maiƙon yatsa nake gani a jikin gilashin wayar. Ya goge, ƙahon ya ɓace. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce ai ɓoye ƙahon da suka yi ma alama ce.

Kusa da shi akwai Ɗan Da-can. Shekarunsa ba su wuce ashirin da huɗu ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse ya ga Yaƙin Duniya. A wurinsa Ninjago na gaskiya shi ne na 2011, lokacin da abokan gaba ƙwarangwal ne, ana ɗora ɗan ninja a kan katantanwa a murza su yi karo. Na 2012 na macizai ya yarda da shi da ƙyar. Abin da bai yafe ba shi ne bayan fim ɗin 2017, wanda Jackie Chan ya yi muryar Wu, da aka sauya wa ninjojin fuska da gashi, aka ba Lloyd korayen idanu. Yana ba da labarin kamar mai ba da labarin ranar da aka rushe gidan gado. Sababbin yaran da aka shigo da su a 2023, Arin da Sora, ko sunansu ba ya kamawa, sai dai ya ce "waɗancan". Abin da ya ba ni dariya game da shi: in kamfani ya kawo sabon abu, ya ce sun watsar da asali. In suka sake fitar da jirgin ruwan nan mai tashi sama, Destiny's Bounty, wanda sun sha maimaita shi, ya ce basirarsu ta ƙare. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to shi baran ma sai ya tuna bara waccan. Ana cikin haka wani dattijo na gaske ya leƙo ya ce masa, yaro, mu da muka sayi ninjan LEGO na 1998, mai ganuwa da dawaki da samurai, ba babur ba jirgi, mu ne ya kamata mu yi kuka. Ɗan Da-can ya yi tsit. Gaba da gabanta.

Sai Akawu. Shi bai damu da labari ba, bai san wa ke faɗa da wa ba. Da na'urar lissafi yake yawo. Dokarsa ɗaya ce, a raba kuɗin kwali da yawan bulon ciki. In ƙwaya ɗaya ta haura senti goma na dala, zalunci ne. Ya karanto mini alƙaluma kamar mai tilawa: Ninjago City na 2017, ƙwaya 4,867 a kan dala ɗari uku, ka ga senti shida da 'yan kai, wannan shi ne adalci. Ninjago City Gardens na 2021, ƙwaya 5,685. Ninjago City Markets na 2023, ƙwaya 6,163. Na ce to ai ga shi suna ƙaruwa, sai murna. Ya dube ni da tausayi. Ya ce ƙwaya ƙwaya ce? Suna cika kwali da 'yan mitsi-mitsi kamar gero don adadi ya hau, shi yanzu ya koma awo da sikeli. Na tambaye shi sabon fa, nawa ne, ƙwaya nawa? Ya ce ba a sani ba tukuna, amma ya yi tsada.

Maƙiyin Sitika maganarsa gajeriya ce. Ya hango wani ƙyalli a hoton ya ce sitika ce, ba bugu ba ne a jikin bulo. Ya taɓa liƙa wata a karkace shekara shida da suka wuce, har yau in ya wuce ta gaban kabad ɗin sai ya kau da kai.

Wanda na fi daɗewa da shi shi ne Shehun Tarihi, don ya kama ni a lungu ba hanyar gudu. Ya ce duk wannan abu cin mutuncin tarihi ne. Ninja na ainihi 'yan leƙen asiri ne a Japan ta ƙarni na 15 da na 16, mafi shahara daga yankunan Iga da Koga, kuma aikinsu su saje da mutane, su yi shigar manomi ko fatake ko masu ibada. Ya kawo sunan Hattori Hanzo da ya yi wa Tokugawa Ieyasu aiki. Ya ce ko baƙaƙen kayan nan da aka san su da su, wasan kwaikwayo da zane-zane ne suka yaɗa su. To ina hankali a ce ɗan leƙen asiri ya sa jajayen kaya kamar ɗan kashe gobara, ya hau babur mai aman wuta, ya bi tsakiyar gari yana kiran sunan kansa? Gaskiya na ji hujjarsa ta shige ni. Amma na tuna mu ma da muka taso muna kallon American Ninja na 1985 a gidajen bidiyo, ɗankwalin iyayenmu mata muke naɗewa a fuska, mai furanni ja da ruwan ɗorawa, mu ɗauki kara mu ce takobi ne, ba wanda ya taɓa tambayar mu Iga ko Koga. Na ce masa, ranka ya daɗe, dodon mai fukafuki da suke hawa fa, shi a wane ƙarni aka yi shi? Ya ce dodo daban, shi dodo ya halatta. Daga baya na samu labari dodanni goma sha ɗaya ne jere a ɗakinsa.

Akwai kuma Ɗan Ɓoye, irin mutanen da muka sani a kasuwar hatsi, masu saye da kaka su rufe rumbu sai bazara. Shi ba ya buɗe kwali. Yana saya ya kai ɗaki mai duhu, don rana tana kashe launi, ya jira kamfani ya daina yi, farashi ya hau. Ninjago City na 2017 ɗin nan yana da shi a rufe, kuma kuɗinsa yanzu ya wuce na kanti nesa ba kusa ba. Abin da yake dubawa a sabon kaya shi ne wanne mutane za su raina yau su nema gobe. Na tambaye shi ko ya taɓa sayar da ko ɗaya. Ya ce lokaci bai yi ba. Matarsa da ke gefe ta ce lokacin motarsu ta shiga gareji ma bai yi ba, shekara takwas ke nan tana kwana a waje.

Kishiyarsa shi ne Mahauci. Shi da ya sayi kwali sai ya farke, ya jefar da littafin umarni, ya fede kayan ya rarraba, ja da ja, kore da kore. Ninja bai dame shi ba, rufin haikalin yake so don wata tashar jirgin ƙasa da yake ginawa. In ya haɗu da Ɗan Ɓoye ba sa gaisawa sosai. Kowa na ganin ɗan'uwansa mahaukaci ne.

Mai Shelar Mutuwa shi ma ya zo. Duk shekara sai ya ce wannan ne kashi na ƙarshe, Ninjago ya mutu, a shirya jana'iza. Yana da 'yar hujja, don an taɓa yi. Kamfanin ya so rufe shi a 2013 ya maye gurbinsa da wani mai suna Legends of Chima, na dabbobi masu yaƙi. Masoya suka yi ca, ciniki kuma bai faɗi ba, sai aka dawo da shi a 2014. Magajin da aka naɗa shi ne ma ya kwanta dama, a 2015. Tun daga lokacin mutumin nan yake haƙa kabari, gawa tana ƙin zuwa.

Na kusa mantawa da mijin ƙanwata, don shi ma iri ne, kuma irinsa sun fi kowa yawa. Shi ba ya cewa yana so. "Yaya, wallahi don yaron nan nake saya, yana buɗe ƙwaƙwalwa." Fakewa da guzuma a harbi karsana. A gidan na ga wani haikali mai hawa uku a saman kabad, inda hannun yaron ba ya kaiwa ko ya taka kujera. Na tambayi yaron nasa ne? Ya ce nasa ne, amma Abba ya ce sai ya kai shekara goma sha takwas zai taɓa.

Daf da tashi wani ƙato ya miƙe ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa shi kam bana ko kwabonsa ba za su gani ba, an raina masu saye, ya gama. Aka tafa masa. Mijin ƙanwata ya raɗa mini cewa bara ma haka ya yi.

Ra'ayin da ba a nema ba a zauren shi ne na ƙanwata, wadda ita ce mai shara. Da muka koma gida na tambaye ta me ta gani game da sabon Ninjago. Ta ce ita tambayarta ɗaya, ƙwaya nawa ne zai ƙare a ƙasa. Ban gane nauyin maganar ba sai da asuba, na fito alwala ban kunna fitila ba don kada in tashi mutane, na ɗora diddige a kan wani ɗan bulo mai ƙuraje huɗu. Na taka ƙaya a gona, na taka garwashi a madafa, amma ban taɓa yin salati da ƙarfi irin na ranar ba. Duk gidan suka tashi. Yaron ya rugo, ya sunkuya, ya ɗauki bulon ya duba ko ya fashe.

Na dawo gida kafin Janairu, don haka a waya na ji ƙarshen zance. Kaya sun fito. Ba ƙahon kowa a ciki. Akawu ya ce ya yi tsada, ya saya. An ga ƙaton nan mai rantsuwa a layi tun kafin a buɗe kanti, ya fito da kwali biyu, ya ce ɗaya na ɗan 'yar'uwarsa ne. Yaron namu ya samu nasa, ya bi littafi shafi-shafi ya gina dodon cikin yini ɗaya, bayan kwana uku ya wargaza shi ya gina a-daidaita-sahu irin wadda ya hau a Kano da hutu, ya maƙala mata fukafukai, ya zaunar da Malam Wu a mazaunin direba da kofin shayinsa. Uban ya kusa kuka.

Na ce a ba ni yaron mu gaisa. Ƙanwata ta ce ba zai samu zuwa ba, yana tsakar ɗaki shi da ubansa sun zazzage jakar tsintsiyar lantarki a kan jarida, suna tonon ƙura suna neman kan Kai.