Yadda Ake Sa wa Kwale-kwale Rediyo, Ga Wanda Kuɗinsa Suka Dame Shi

Mahuta ba garin ruwa ba ne. Hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai ce a masarautar Zuru, ƙasar duwatsu da dawa, inda babur ne sarkin abin hawa. Mai son ganin ruwan da ya amsa sunansa sai ya bi hanyar Koko, ya karya kudu zuwa Yelwan Yawuri, inda kogin Kwara ke buɗewa ya zama tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. Duk da haka akan sami ɗan Mahuta da ya sayar da amfanin gona, abokai suka zuga shi ya sa jari a kwale-kwalen haya mai injin doki 40, suka kuma ƙara masa da cewa abin da jirgin ya rasa kawai shi ne kiɗa. Mai wannan shafi yana cikin waɗanda aka zuga. Ba za a tsaya bayanin yadda ake riƙe sukurdireba ba, domin duk wanda ya kai ga neman wannan shawara tasa ta riga ta faɗa ruwa.

Na ɗaya, wuta. Rediyon mota folt 12 take ci daga batir. Injin da ake tayarwa da jan igiya ba ya zuwa da batir. Iyakar abin da ke cikinsa ɗan koyil ne na fitila, wanda wutarsa ke hawa da sauka yadda injin ke gudu. Wanda ya jona rediyo a nan zai ji rabin waƙa, sannan ya ji ƙauri. Ko dai a sa rektifaya a tsakani, ko a ɗauko batirin mota a riƙa kai shi caji, ko a kafa masa farantin sola. Lissafin a takarda yana da daɗi: batir mai amfiya 60, rediyo mai jan 5, awa 12 ke nan. Sai dai batirin mota ba ya yafe wa wanda ya zuƙe shi ƙasa da rabi, saboda haka awa 6 ce, ita ma kafin fasinjoji su gano cewa akwai ramin caji a goshin rediyon.

Ranar da suka gano, jirgi ya zama shagon caji. Mai albasa za ta miƙo wayarta a ƙulle cikin leda, ta ce, "Ɗan nan, sa mini ta ɗan sha kafin mu kai." Dillalin kifi zai fito da waya biyu da tocila. Za a sami wani saurayi mai reshen caja mai baki huɗu, wanda kafin a kai tsakiyar ruwa ya fara karɓar kuɗi a kan wutar da ba tasa ba. Mai jirgi bai isa ya hana ba, don a take za a tuna masa cewa shi baƙo ne, ɗan tudu, kuma ko iyo bai iya ba.

Na biyu, riwaya. Za a kawo shi daga gareji da tabbacin cewa babu motar da ta taɓa gagarar sa, kuma gaskiya ne, sai dai mota ba ta kwana a cikin ruwa. Zai fere waya da haƙori, ya murɗe biyu wuri guda, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce, "Alhaji, wanga aiki sai dai jikokinka su canza shi." Kafin damina ta raba, salatif ya saki, jan ƙarfen ya yi kore, sauti yana zuwa yana ɗaukewa. Abin da ya kamata shi ne a haɗa kowane baki da dalma, a shafe kan batir da giris ko basilin, a kuma bi da wayar ta can sama a jikin katako. Ƙasan jirgi wurin ruwa ne, da jinin kifi, da fitsarin awaki. Awakin ma suna cin waya, musamman ja.

Fiyus kuwa a sa shi a kan jar waya, kusa da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Idan ya ƙone, wani abu ne ya taɓa wani, a nemo shi. Riwaya ba ya nema. Zai zare silin waya ya ɗaura a gurbin, ko ya naɗe mataccen fiyus ɗin da takardar azurfa ta kwalin taba, ya ce yanzu ba zai sake ƙonewa ba. Ba zai sake ba, wayar ce za ta ƙone a madadinsa, kuma a jirgin haya jarkokin fetur suna zaune ne kamu biyu daga batir. A mota mutum yana buɗe ƙofa ya gudu. A nan sai a tambayi ɗan Mahuta inda zai nufa.

Na uku, sifika. Ta mota sau da yawa da takarda ake yin cikinta, takarda kuwa tana shan laima ta yi laushi, rana ta busar da ita ta tsage, har muryar mawaƙi ta koma ta mai mura. Akwai wadda aka yi don ruwa, mai cikin roba da bakin danƙo, kuma mai shago zai rantse cewa ita ce ya bayar. A juya ta a taɓa da yatsa kafin a biya. A kafa ta nesa da injin, ta fuskanci fasinjoji. Idan aka ji wani siririn kuka yana hawa duk lokacin da matuƙi ya ƙara wuta, tartsatsin fulogi ne ke shiga rediyon. A sa fulogi mai resista, a raba wayar sifika da wayoyin injin. Bayan an yi duk wannan za a tarar cewa injin doki 40 ya fi kowace sifika murya, kuma waƙa ba ta jiyuwa sai an kashe shi, wato a bakin kwata, inda kowa ke sauka.

Amma a ce ta jiyu. Nan ne ainihin fitinar take, don babu wanda ya taɓa gaya wa mai jirgi cewa sayen rediyo ɗaukar alƙalanci ne. Dattawan Yawuri ba su san wani mawaƙi ba bayan Sani Aliyu Ɗandawo, in an matsa musu su yarda da Shata. Samari Hamisu Breaker suke so, kuma kowannensu yana da Bluetooth, don haka ana cikin waƙa sai a ji wayar wani ta ƙwace, budurwarsa tana tambayarsa inda yake a gaban mutum talatin. Malamin da ke gaba zai ce a kan ruwa ake, a ji tsoron Allah a sa karatu, kuma ba mai iya musa masa. Tsohon soja ɗan Zuru labarai kawai yake so, ya kuma fi son a yi shiru ya fassara su da kansa. Sarkawa da ke jefa taru a gefe suna ɗaga filafili suna zagi, wai ana kore musu kifi. Matuƙi, wanda shi kaɗai ne ke buƙatar kunnensa don jin canjin kukan injin ko ihun wani jirgi, shi ne ba a tambaya. Tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ga dorina a wajen Yawuri, kuma ba ɗayansu da ke kaucewa don an sa waƙa mai daɗi.

Na huɗu, ko na biyar in an ƙirga fiyus daban, kayan roba. Murfin rediyo, ragar sifika, akwatin batir, maɗaurin waya, ƴan ƙugiyoyin rumfa: duk suna zuwa da sheƙi. Hasken rana yana cin roba a hankali, a kan ruwa kuma sau biyu yake dukanta, daga sama da kuma wanda ruwan ya mayar. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za a ga farar roba ta yi rawaya, ta fara barin gari a yatsa, ranar nan yaro ya jingina da ita ta ce ƙas. Baƙin maɗauri ya fi fari daɗewa saboda baƙin sinadarin da ke cikinsa yana tare hasken. A wanke da ruwa da sabulu kawai. Yaron jirgi zai so ya goge da tsumman fetur don ta yi ƙyalli, kuma za ta yi, na yini ɗaya, sannan ta dushe ta tsattsage. Kada a ɗaure noti har ƙarshe a jikin roba. A rufe da buhu idan an tsaya.

In ta fashe, kada a wahalar da kai da sufa gulu ko gam mai haɗi biyu. Irin robar jarka da bokiti ba ta kama gam. Mai facin roba na kasuwa, da wuƙarsa a cikin garwashi da ƴan yankan tsohuwar jarka, shi ne ya san maganinta: roba da roba ake narkawa. Sauran a ɗaure da tsohon tiyub na babur, wanda ko ba a faɗa ba da shi za a ƙare. A duk jirgin, robar da ba ta taɓa ba da kunya ba ita ce rabin jarkar da ake yashe ruwa da ita, kuma ita kaɗai ce ba a saya ba.

Akwai wata robar da ba wasa a cikinta: maƙullin rigar kariya. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane sama da 150 ya tarwatse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da ƴan kai ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa riga, hukumar raya yankunan madatsun wuta ta HYPPADEC ma ta rarraba riguna a garuruwan bakin ruwa. A je kwata a duba inda suke. An yi matashin zama da wasu, wasu suna ƙarƙashin buhunan albasa, wasu an shanya su a rana wata da watanni har maƙullin ya bushe, in an danna shi ya ɓare a hannu. Rigar da ba ta ƙulluwa fita take yi ta kai da zarar mutum ya faɗa ruwa. Mai jirgin da ya iya sayen amfilifaya da sifika huɗu ya ce wai riguna sun yi tsada, fasinjan da ya yi faɗa a kan waƙa ya ce wai riga tana sa shi zafi. Wannan ba abin dariya ba ne, abin takaici ne, kuma duk wanda ke da kuɗin kiɗa ya fara ƙirga rigunansa, ya danna kowane maƙulli da hannunsa, ya ajiye su a inuwa inda hannu zai kai.

Saura eriya, da daidaita amo, da yadda ake hana ƙurar hunturu shiga ramin memori. Eriya a ɗaure ta a gora. Ramin memori a liƙe shi da salatif. Daidaita amo kuwa sai riwaya ya dawo, kuma ya aiko cewa ba zai sake shiga jirgi ba sai an biya shi kuɗin wayarsa da ta faɗa ruwa.