Wa Zai Raka Inna Umara?

Babu abin da ke tona halin 'yan gida ɗaya irin shirin fita da tsohuwa ƙasar waje. Ko rabon gado bai kai shi ba, don a rabon gado kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke nema. A nan kuwa kowa cewa yake lada yake nema, sai an fara lissafi ake gane ladan iri-iri ne. Ranar da aka ce an haɗa kuɗi za a kai Inna Umara, ranar mutum zai san waɗanda ya sha nono ɗaya da su. Ga su nan, kowa ya duba layin da ya faɗa.

Mai miƙa wa na gaba

Yawanci babban yaya ne. Shi ya kawo shawarar, har da ƙwalla a ido, yana tuna yadda Inna ta sayar da akuyarta ta biya masa kuɗin jarrabawa. Da aka zo kan wanda zai raka ta, sai ya dubi ƙanwarsa ya gyara murya: "Wallahi da son raina ne, to amma ofis. Ke ce mace, ke za ki fi iya kula da ita." Ita kuma ta ce maigida bai ce komai ba tukuna, ta miƙa wa ƙaninta. Shi ya ce fasfonsa saura wata huɗu ya ƙare, alhali sai mai sauran wata shida ake karɓa, ya miƙa wa na bayansa. Abin ya koma kamar wasan yaran nan da wanda aka taɓa zai bi saura da gudu, sai dai 'yan wasan duk masu furfura ne. Amma da aka ce kujerar ɗan rakiya daga asusun gida za a biya, a ranar ofis ya ba da hutu, maigida ya yi magana, fasfo ma aka ce ana iya sabunta shi.

Sarkin takardu

Wannan ba ya rabo da jakar takardu, kuma gaskiya ana buƙatarsa. Shi ya san sai bayanan katin ɗan ƙasa sun yi daidai da na fasfo. Shi ya san ana neman katin rigakafin shawara, kuma allurar sanƙarau sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin a sauka Saudiyya. Babban yaƙinsa shi ne shekarun Inna. Katin zaɓe ya ce 1950, katin ɗan ƙasa ya ce 1 ga Janairu 1947, katin asibiti ya ce wani abu dabam. Da aka tambaye ta, sai ta ce ita dai lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956 tana goyon ƙanenta. Sarkin takardu ya rubuta wannan ma, ya yi masa kwafi huɗu. Ya haddace lambar fasfonta, amma in ka tambaye shi wace gwiwa ce ke damunta, ta dama ko ta hagu, sai ya buɗe jaka ya fara dubawa.

Likitan dangi

Bai taɓa zama ajin likitanci ba, amma babu ciwon da bai san maganinsa ba. Shawararsa ta farko ita ce a ajiye maganin hawan jini a gida, tunda ga zamzam a can. Zamzam albarka ce, babu mai musu, amma ba ta ce a yar da abin da likita ya rubuta ba. Shawararsa ta biyu, a tafi da jiƙon saƙe-saƙi a jarka, a jakar hannu, inda ko ruwan sha ba a bari ya wuce mililita 100. Ta uku ita ce mafi haɗari: ya ɓare duk ƙwayoyin Inna daga kwalayensu ya zuba a leda ɗaya, wai don rage kaya. Ma'aikacin kwastan a Jidda bai san Inna ba, bai san likitan dangi ba. Abin da ya sani shi ne fari da ja a ƙulle a leda, babu suna, babu takardar asibiti. Magani a kwalinsa ake tafiya da shi, da takardar likita na gaske, a jakar da ba ta rabuwa da mutum. A kuma tuna agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, kada a rikita wa tsohuwa lokacin sha.

Gwaggo mai guzuri

Gwaggo ta yi imani cewa daga an wuce filin jirgin Malam Aminu Kano babu sauran abinci a duniya. Ga kuka, ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, ga dambun nama, ga garin kunu, ga man shanu a kwalba da aka toshe da leda. Jakar da kamfanin jirgi ya yarda ta kai kilo 23 ta cika kafin a sa zane ko ɗaya. Ka ce mata a Makka akwai mutanenmu da ke sayar da tuwo da miyar kuka a wajajen Sharar Mansur, ta ce ai ba hannunta ba ne. Rigimar ba ta kai rigima ba sai an zo kan goro. Hukumar Alhazai kullum gargaɗi take cewa Saudiyya ta hana shiga da shi, amma Gwaggo ta ce ƙwarya ɗaya ce kawai, kuma a cikin matashi za ta ɗinke. A nan tana da ɗan abin faɗa: wanda ya shekara sittin yana cin goro, in aka yanke masa rana ɗaya ciwon kai zai sa shi gaba. Maganin abin a fara rage mata tun makonni kafin tafiya, ba a koya wa tsohuwa fasa-ƙwauri a hanyar ɗakin Allah ba.

Masu sautu

Su ba sa zuwa taro, sai ana gobe tafiya. Kowa da 'yar takardarsa: abaya baƙa mai duwatsu, jallabiya, darduma, agogo, turare, dabino ajwa. Wani ya kawo kuɗin da ko a Wapa aka canza shi riyal ɗin ba zai sayi carbi uku ba, ya ce in ya yi saura a sayo wa yara wani abu. Wata ba ta kawo komai ba, ta ce, "Inna, ki dai sayo, in kin dawo ma yi lissafi." Zamzam kuwa lita 5 ake ba kowane matafiyi, amma masu jiranta sun kai unguwa guda, kowa da galan. Abin da ba a faɗa a fili shi ne yawancin kayan nan daga Sin ake kai su can, kuma ana samunsu a Kantin Kwari. Mai wayo yakan dawo da tsohuwarsa lafiya, washegari ya shiga kasuwa ya cika alkawari, kowa ya shinshina ya ce lallai ƙamshin Makka daban ne.

Kawu mai tarihi

Da ya ji an ambaci keken turawa sai ya ɓata rai. "Kakanmu da ƙafa ya tafi. Ta Borno, ta Chadi, ta Darfur, har Sawakin, sannan ya haye Bahar Maliya." Gaskiya ne, mutanen da sun yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan, irin su garin Mai Wurno. Sai dai kakan nan ba yana da shekara tamanin ya kama hanya ba. Safa da Marwa kaɗai, tafiya bakwai tsakaninsu, kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga masauki. Kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana. In aka faɗa wa Kawu haka sai ya ce ya sani, ya miƙe ya tari mai adaidaita-sahu ya kai shi masallacin da ke ƙarshen layi.

Ɗan zamani mai jadawali

Komai a wayarsa yake. Ya san sai an nemi izini a manhajar Nusuk kafin a shiga Rauda. Ya san jirgin ƙasan Haramaini, da aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin awa biyu da 'yan kai. Matsalarsa, wa kansa ya tsara tafiyar. Tikitin da ya samo mai sauƙi ne, amma sai an yada zango a wata ƙasa an kwana a kujera, alhali kai tsaye daga Kano zuwa Jidda bai kai awa biyar ba. Otal ɗin ma mai sauƙi ne, "kusa da Harami", in dai gwiwarka ta ɗan shekara talatin ce. Lokacin da ya zaɓa goman ƙarshe na azumi, sa'ad da matasa ma ke neman inda za su sa ƙafa, ko kuma tsakiyar zafi, ya manta cewa a Hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu, zafin rana na kan gaba cikin dalilai. A jadawalin akwai hawa Kogon Hira. Babu barcin rana, babu banɗaki, amma akwai lokacin ɗaukar bidiyo a tura wa dangi.

Mai shiru

Ba ta halarci taro ko ɗaya ba, don tana kicin tana dafa wa masu taron abinci. Wani gidan auta ce, wani gidan jika, wani gidan suruka. Ita ta san Inna ba za ta taɓa taka benen nan mai tafiya da kansa ba. Ita ta san sanyin na'ura na tayar mata da tari, sai an riƙe mata rigar sanyi da safa ko da a ƙasar zafi ne. Ita ta ce a nema mata kujerar bakin hanya kusa da banɗaki, a kuma sanar da kamfanin jirgi kwana biyu kafin tafiya don a tanadi keke. Ita ta sa aka rubuta sunan otal da Larabci a kati za a rataya mata a wuya. Wata guda ke nan kullum bayan la'asar tana zagaya unguwa da ita, yau gida biyar, gobe bakwai. Sunanta ba ya cikin masu neman kujera, don babu wanda ya tuna ya rubuta.

Inna da kanta

Duk wannan hayaniya babu wanda ya tambaye ta abin da take so, ita kuwa ta daɗe da gama nata shirin. Ta biya bashin mai itace, ta nemi gafarar kishiya, ta faɗi wanda zai riƙa ba awaki dusa. Likkafaninta na ƙasan jaka za ta wanke da zamzam, kuma ta gaya wa kowa cewa in ta Allah ta kasance a can, kada a wahalar da ita, a bar ta a Baƙi'a. Ba ta son kasuwa, ba ta son dutse. So take ta ga Ka'aba da idonta, a samo mata wuri ta zauna ta ambaci 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, da mahaifinsu da ya riga mu gidan gaskiya.

Da gardamar kujera ta yi tsanani, sai ta ɗaga labule ta ce, "Ku dakata. Wadda ta san ƙafata ita za ta bi ni." Ta nuna mai shiru, wadda ke tsaye da tiren shayi.

Babban yaya ya ce shi ma dama abin da ke ransa ke nan. Kawu ya ce haka magabata suke yi. Sarkin takardu ya tambayi yarinyar ko tana da katin ɗan ƙasa. Kafin ta ajiye tiren, mutum huɗu sun riga sun miƙa mata takardar sautu.