Wasiƙa Zuwa Falanko a Kan Mas'alar Kujerar Direba

Daga Sochaux, ƙasar Faransa

Zuwa ga taubashina, ɗan goggona, bawana na gado,

Bayan gaisuwa mai yawa, da girmamawa gwargwadon tsawonka, wadda ka san ba za ta cinye mini takarda ba, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da Goggo, Allah ya ƙara mata nisan kwana, da dukan mutanen Falanko manya da yara. Ni ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai sanyi irin wanda in aka gwada shi da hunturun Damargu, namu ya zama iskar mafici.

Dalilin wannan takarda shi ne wani labari da ya iso mini ta bakin mutane uku adilai, waɗanda ba a taɓa kama su da ƙarya a wuri guda ba, cewa ranar da ka shiga Tanut da tsohuwar Peugeot 404 ɗin nan ta gidanmu, wata tsohuwa mai tallan fura ta yar da ƙwaryarta ta sheƙa a guje tana salati, domin ta hangi mota tana tafe, ta bi kwana, ta kauce wa jaki, har ta yi oda, alhali kuwa ba kowa a mazaunin direba sai hula. An ce tun daga ranar kake ɗora matashin kai biyu da tsohon bargo a kan kujera kafin ka hau. Na yi dariya har maigidana ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya, amma da dariyar ta lafa sai hankalina ya tashi, domin wannan mas'ala ita ce sana'ata a yanzu, kuma na san inda haɗarinta yake.

Ka sani garin nan da nake zaune, wanda ake faɗa Sosho, kusa da iyakar Suwizalan, shi ne mahaifar motarka. Tun 1912 kamfanin Peugeot ya kafa masana'anta a nan, daga nan kuma 404 ta fito a 1960, aka yi ta ƙera ta har 1975, sa'an nan ƙasar Kenya ta ci gaba da harhaɗa ta har 1991, saboda ƙasarmu ta baƙar fata ta gane darajarta fiye da masu ita. Sau huɗu ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ba su fi ta Belbeji kyau ba. Har gidan tarihi suka gina wa motocinsu a nan a 1988, na kuwa shiga na tarar da ƴar'uwar taka a tsaye tana walƙiya, an hana kowa taɓa ta, sai na tuna taka da ke ɗaukar gero da tumaki da fasinja goma sha biyu, na ce lalle arziki rabo ne, ko a tsakanin ƙarafa. A dokar ƙasar nan, mota in ta cika shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi, kuma gyaran irin waɗannan tsofaffi shi ne aikin garejin da nake ciki.

To, a watan jiya wata dattijuwa Bafaranshiya, wadda in kun tsaya kafaɗa da kafaɗa sai an kira alƙali ya raba gardama, ta kawo mana 404 da ta gada daga mijinta, ta ce tana so ta riƙa tuƙa ta zuwa kasuwa kamar yadda marigayin ya saba kai ta, amma in ta zauna ba ta ganin hanya sai ta tsakanin sitiyari. Motocin zamani suna da wani hannu a gefe wanda ake ɗaga kujera da shi ko a sauke ta, amma ita wannan, kujerarta gaba da baya kawai ta sani, sai ka ce waɗanda suka ƙera ta sun yi ijma'i a kan cewa dukan ƴan Adam mudu ɗaya aka auna su da shi. Maigidana, wani tsoho mai ƙarancin magana da yawan sani, bai taɓa sifana ba sai da ya danna kujerar da tafin hannu, hannun ya nutse har wuyansa. Ya ce mini in lura, yawancin kujerun da ake zargi da gajarta tsufa ne ya kwantar da su, domin soso da abin da ke riƙe da shi daga ƙasa sun shekara hamsin suna ɗaukar mutane, sun gaji sun lotsa. Muka kai ta wurin mai ɗinkin kujeru ya sake mata ciki, da ta dawo kuwa ta tashi da kusan yatsa biyu ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba. Saboda haka farillar farko a kanka ita ce ka kai kujerar nan Damagaram a sake mata soso mai tauri, domin na san tun zamanin da Baba yake tuƙa ta ba wanda ya leƙa cikinta sai ɓera.

Da yake dattijuwar tana bukatar ƙari, sai muka koma ƙarƙashi. In ka durƙusa, wanda a gare ka ba tafiya ce mai nisa ba, za ka ga dogayen ƙarafa biyu waɗanda kujera ke zamewa a kansu, an ɗaure su da daɓen mota da noti. Tsakanin waɗannan ƙarafa da daɓen ake sa ɗauri, wato guntayen ƙarfe masu huji a tsakiya, ɗaya a ƙarƙashin kowace kusurwa. Mu mun sa na santimita 3. Sharaɗinsa shi ne na dama da na hagu su zama daidai wa daida, domin in ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin ƙwayar gero, kujera za ta cije ta ƙi zamewa, ko kuwa makullinta ya kama gefe guda ya saki ɗayan, wannan kuwa ya fi muni. Sa'an nan tilas a canja notin da dogaye, masu ƙarfi, irin waɗanda aka buga wa lamba 8.8 a ka, su shige ramin su cika shi kamar yadda na asali suka yi, kada a bar su suna riƙe da bakin zare biyu. Katako kuwa, ko da na gawo ne, haramun ne a wannan babi, domin yana motsewa da rani, noti ya saki, ranar da ka taka birki da ƙarfi kujera ta tashi da kai.

Kada kuma zuciya ta ruɗe ka ka ce tunda dama ta samu bari ka rama abin da ka rasa tun haihuwa. Sitiyarin 404 faffaɗa ne kamar faifai, an yi shi haka domin ƙarfin damtse kaɗai ke juya shi, in kujera ta yi sama da yawa cinya za ta tokare shi, ƙafa kuma ta kasa kai ambirayaji ƙasa, wanda mutanen Kano ke kira kuloci, giya ta riƙa kuka kana cewa laifin bakanike ne. Mizanin da maigidana ya koya mini shi ne mutum ya zauna bayansa a jingine, ya taka ambirayaji har ƙarshe gwiwarsa da sauran ɗan lanƙwasa, idonsa ya wuce saman sitiyari ya ga hancin mota, tsakanin kansa da rufi kuma a sami wurin dunƙulen hannu. Wannan na ƙarshe ban damu da shi a kanka ba, ko da ka naɗa rawanin Buzaye.

Abin da ya hana ni barci shi ne matashin nan. Kai da ka girma kana ganin mutanen Abzin suna ɗaure sirdin raƙumi, ka san ba mai hankalin da zai hau sirdin da ba a ja masa majayi ba, komai laushinsa, kuma mahayin doki likkafa yake gyarawa daidai ƙafarsa tun kafin ya bar ƙofar gida. Matashi ba a ɗaure yake da komai ba. Ranar da akuya ta faɗo maka a hanyar Agadas, ko ƙafar gaba ta faɗa rairayi mota ta tsaya cak, zai sulale gaba ya tafi da kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafarka ta bar birki a daidai lokacin da rayukan mutum goma ke rataye da ita. Goggo ɗa namiji ɗaya gare ta, ni kuma bawa ɗaya na gada, ba ni da niyyar yin asararsa.

Dattijuwar nan, ranar da ta zo karɓar motarta, ta zauna ta kama sitiyari ta yi shiru, sa'an nan ta ce shekara arba'in tana shiga motar nan, sai yau ta ga hanya yadda mijinta yake ganinta. Ta ja ta a hankali ta fita, mu kuwa muka tsaya a bakin gareji har ta sha kwana.

Na yanka maka guntayen ƙarfe huɗu da hannuna, na haɗa da dogayen noti, na ba wani ɗan Damagaram da zai taso bayan sati biyu, zai bar su a tasha wurin mai shayin da ka sani. Su ne kuɗin shararka na bana, kada in ji ka aiko yaro da ƙoƙo ranar cika-ciki. In ramukan taka ba su dace da su ba, ka kai wa maƙeri ya gyara hujin, amma kada ya rage kaurin ɗaya ya bar sauran. Ka biya tsohuwar nan kuɗin furarta da ƙwaryarta, ka tsaya a gabanta ta gan ka da kyau ta tabbata mutum ne. Ka gaishe da Goggo, ka gaya mata maganin ciwon gwiwarta yana cikin ƙunshin, ka gaishe da Liman da makwabta, ka kuma rubuto mini yadda gero ya yi bana da abin da ake sayar da tiya.

Wassalam.

Ni ne ubangijinka,
Ɗan kawunka