Takin Teku da Zogalen Uwargida

Duk wanda ya tashi a gidan da zogale ke gindin katanga, ranar da ya fara sayen ganyensa a leda sai ya ji abin ya soke shi. Haka na ji a Agege, ranar da wata mata ta miƙo mini ɗan ƙullin da bai isa kwaɗon yaro ba, ta faɗi kuɗinsa ko kunya babu. Da na je gida sallah sai na saro rassa takwas, kowanne kamu biyu, na ɗaure su a kan motar albasa muka gangaro Legas.

Ɗan yayana da ke karatun aikin gona, shi ya jefa ni. Na kira shi neman shawara, ya ce, "Baba, ai kuna zaune a bakin arziki. Ciyawar teku tana da sinadaran da ke sa reshe ya yi saiwa da wuri, Turawa har a kwalba suke sayar da ruwanta." Ya ba ni labarin tsibiran Aran na ƙasar Ailan, inda ko'ina fa ne, mutane suka riƙa shimfiɗa yashi da ciyawar teku har suka samu ƙasar shuka dankali. Daga nan ya shiga wani dogon bayani na wanki da sirki. Ni kuwa katina ya kusa ƙarewa, kuma na riga na ji abin da nake son ji: abin kyauta ne.

Ranar Lahadi na yi sammako zuwa bakin teku wajen Badagry da buhuna biyu. Ga ta nan jibge, ja-ja kamar busasshiyar rama, jikinta duk ƙananan ƙwallaye masu iska waɗanda suke sa ta yawo a kan ruwa. Sargasum ake kiranta. Tun 2011 ta fara mamaye gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran Karebiyan, kuma masunta sun tsane ta saboda tana cika musu raga. Wani masunci ya tambaye ni me zan yi da ita. Da na ce taki, ya dube ni sama da ƙasa, ya ajiye ragarsa, ya taya ni dannawa da ƙafa. Ya ce gobe in dawo da tirela. A lokacin na ɗauka kirki ne.

Kwandastan danfo ya sa na biya wa kowane buhu kuɗin kujera. Kafin mu yi nisa ruwa ya fara tsiyaya, wata 'yar kaguwa ta fito ta hau ƙafar matar da ke gabana. Yarbancin da na sha a ranar, wallahi ya fi wanda na koya a shekara 11.

Da na isa gida uwargida ta ɗaga tsinke ɗaya, ta juya shi, ta ce, "Malam, ina saiwarta?" Na ce ai ba ta da ita, yawo take yi kamar kainuwa. Ta ce, "Kainuwa ma tana da tata. Wadda ba ta samar wa kanta ba, ita za ta ba wani?" Na ce mata wannan harkar kimiyya ce. Na zazzage buhunan a duro, yashi da gishiri da komai, na cika da ruwa, na rufe, na tura shi bayan tagarmu.

Kwana huɗu gidan ya ɗauki wari. Gidan haya ne mai ɗaki 14, banɗaki biyu, don haka zargi ya tafi inda ya saba zuwa. Baba mai gida ya zagaya yana toshe hanci da hula, ya yanke hukunci cewa salga ce ta cika, kowane ɗaki ya kawo kuɗin motar kwasa. Na bayar da nawa. Ni ne ma na fara bayarwa, har ina faɗan yadda mutane ba su da tsabta. Motar ta zo ta tafi, wari na nan daram, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai kwando guda. Zoben azurfar uwargida da ke ajiye a taga ya koma baƙi ƙirin, ta fara maganar sammu. Ashe iskar da ke tashi daga duron ce, irin ta ruɓaɓɓen ƙwan ce sak, kuma ita ke baƙanta azurfa.

Autata ce ta tona ni. Baba mai gida na tsaye, ta ja rigarsa ta nuna duron, ta ce, "Maganin Abbana ne."

Duk da haka ban saduda ba, tunda an riga an sha kunya. Na kafa rassan a bokitai, sai na ƙirga bakwai maimakon takwas, ban damu ba. Na riƙa ɗura musu ruwan nan tsurarsa safe da yamma, a lissafina idan cokali magani ne, ai ludayi ya fi. Cikin kwana goma suka yamutse kamar tsohuwar kuɓewa, ƙasar ta yi farin ɓawo kamar kanwa.

Na sake kiran yaron, wannan karon da cikakken kati. Ya ce, "Baba, kun wanke ta?" Na yi shiru. "Kun sirka?" Na ce masa layin ba kyau. Ya ce gishiri janye ruwa yake yi daga reshe, kamar yadda yake yi wa yankakkiyar albasa. Ana wanke ciyawar sosai da ruwan daɗi, a jiƙa, sannan a sirka har ya zama kamar shayin marowaci. Ya ƙara da cewa irin wannan ta bakin gaɓa tana tara sinadarin asinik, bai ma kamata a zuba ta ga abin da za a ci ba. Wai duk ya faɗa mini a karon farko.

Reshe na takwas kuwa, uwargida ce ta ɗauka tun ranar da na dawo, ta soka shi a ƙasa kusa da wurin wanke-wanke don ya tokare mata igiyar shanya. Ba taki, ba kimiyya, sai ruwan ɗauraye kwanuka. Yanzu ya wuce katanga. Jiya ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ta aika wa kowane ɗaki a gidan. Nawa ta ajiye mini a kan murfin duron.