Yadda za ka zauna lafiya da oga har ya sa maka hannu a takardar ƙarin girma

Wanda ya kama aikin gwamnati, ko a Sakatariyar Audu Bako da ke Kano ko a wata ƙaramar hukuma can ƙarshen kwalta, shekara 35 ce a gabansa, sai fa in ya riga cika 60 da haihuwa. A tsawon zaman nan kujera za ta karye a sauya, fanka ta mutu a gyara, amma kullum da wani a samansa. To gara a koyi zama da oga tun da sauran ƙuruciya.

Fara da gaisuwa, amma ka san awonta. "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" ta wadatar, in Hajiya ce, "Ranki ya daɗe." Gaisuwar da ke bin iyali ɗaya bayan ɗaya, daga uwargida zuwa amarya har autan da ke haƙori, alhali mutum na tsaye da fayil ana jiransa a ofishin kwamishina, ka ajiye ta sai ranar Sallah. Haka ma saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp. Rubuta layi uku ka huta, shi ma ya huta.

Sai karatun yanayi. Labarin zuciya a tambayi fuska: in ya shigo hula ta karkace, bai ko amsa wa masinja ba, yau ba ranar neman hutun shekara ba ce. In ɗan Kano Pillars ne kuma an ci su jiya Lahadi, takardar alawus ɗinka ta kwana a durowa zuwa Talata. Da azumi kuwa, duk magana mai nauyi a gama ta kafin azahar. Direba da masinja sun riga kowa sanin yadda gari ya waye, saboda haka ka girmama su, ƙosan safe ma ka riƙa tunawa da su.

Yanzu ga ƙashin bayan maganar: oga ma yana da oga. Darakta na kallon fuskar babban sakatare, babban sakatare na kallon ta kwamishina, shi kuwa kwamishina wayarsa kan iya ƙara daga gidan gwamnati da tsakar dare. Abin da shugabanka ya fi buƙata a wurinka shi ne kada ya ji kunya a gaban na sama da shi. In ka ga aikin da aka ce Alhamis ba zai kammala ba, shiga ka faɗa masa tun Litinin, lokacin da zai iya ba ka mataimaki ko ya nemi a ɗaga ranar. Zai ɓata rai na minti biyar. In kuwa ka yi gum har ya shiga taro, aka buɗe takarda aka ga lissafi bai haɗu ba, wannan ɓacin ran sai ya raka ka har bikin sallamarsa. Kuma kada ka kai masa matsala tsirara. Haɗo ta da mafita ko biyu, ya zaɓi ɗaya, ya ji daɗin cewa shi ya yanke hukunci.

In ya kira ka, shiga da biro da littafi. Ma'aikata da yawa sun shiga uku ne saboda "To, ranka ya daɗe" da suka faɗa sau biyar ba su fahimci ko ɗaya ba, suka fito suna tambayar sakatariya me aka ce. Tambaya ba rashin ladabi ba ce. In kuma umarnin ya shafi kuɗi, sassauta murya ka ce, "Yallaɓai, a ɗan rubuta mini a fayil don kada in manta." Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, abin da ke kan takarda kaɗai ke magana, kuma kariya ce gare ku duka biyu.

In ka ga ya kuskure, kada ka gyara masa a gaban jama'a, ko da kai ne da gaskiya ƙarara. Bari a watse, ka bi shi ofis, ka fara da "Da za a sake duba wurin nan." Shugaba nagari ba ya manta wanda ya rufa masa asiri.

Uzuri kuma a yi shi da tsoron Allah. Kaka mace biyu kowa yake da ita, kuma oga yana ƙirgawa. Kada ka ce "Ga ni a gadar Ƙofar Nasarawa" zakaran gidanku yana cara a cikin wayar.

Fadanci fa? Akwai masu ƙyalƙyalewa da dariya tun oga bai kai ƙarshen labari ba, da masu kai masa rahoton wanda ya yi latti da wanda ya yi tsaki. Riba ce ta ɗan lokaci. Mai sauraron gulmarka ya san wata rana tasa za ka kai gaba. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya ta isa ta ɗauke shi zuwa wata ma'aikata, ka wayi gari wanda ka kai ƙara ne a kan kujerar. Fayil ɗinka shi ke zama. Daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara uku ake jira kafin ƙarin girma, daga na 15 shekara huɗu, kuma abin da shugaba ya rubuta a fom ɗin tantance aikinka na kowace shekara yana cikin abin da ake dubawa.

Duk wannan da oga mai mutunci ake. Wanda ya ce ka sa hannu a kan kuɗin aikin da ba a yi ba, ko yake matsa wa ma'aikaciya da neman banza, haƙuri da shi ba ladabi ba ne. Ajiye shaida, ka kai magana ga na sama da shi ko ƙungiyar ƙwadago.

Gobe dai ka riga shi isowa, aikin jiya kammalalle a kan teburinsa.