Masu Jere, Kowa da Halinta

A Ingila, wajen shekarun 1950, gidaje da yawa suna da agwagi uku na tangaran manne a bangon falo, babba da matsakaici da ƙarami, duk sun miƙe wuya sama. Kamfanin Beswick ya yi suna wajen yin su, har yau ana bin su gwanjo ana tarawa. Mu a Birnin Kudu da Gwaram jere muka sani. Ƙawata bango dai ba baƙonmu ba ne, ga shanun da magabata suka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Kakanni sun jera ƙorai da fayafayi, daga baya tasoshi da langa da fanteka da samira suka shigo, wasu daga ƙetare, wasu daga masana'antun Kano. Tsuntsayenmu a jikin faranti suke: dawisu, zakara, da wani mai jan baki da ko maharba ba su san danginsa ba.

Shugabar masu jere ita ce Hajiya Kar-a-taɓa. Kabad cike har sama, makulli ƙulle a haɓar zani, amma in baƙi suka zo sai ta aika maƙwabta aron kwanon tuwo. Jikarta ta ce, "Hajiya, ba ga su nan jere ba?" Sai ta harare ta: "Ke, an ce miki na cin abinci ne?" Gab da salla take sauke su. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a goge tasoshi da toka da tsamiya har su riƙa kashe ido, a kori yara da kaji. Ta ƙirga kafin wanki, ta ƙirga bayan wanki, in murfi ɗaya ya yi ɓatan dabo ranar ba mai cin abincin rana.

Sai 'yar ganin ɗaki. Baki yana "Masha Allahu, Allah ya ba da zaman lafiya," ido yana lissafi. Ta ƙwanƙwasa langa da farce ta ji ƙararta, ta kifa ta ta duba tambari. Kafin ta fita zaure unguwa ta ji cewa layin ƙasa duk 'yan China ne.

Ita ce ta haifar da mai jeren aro. Ranar kai amarya ɗaki ba masaka tsinke, bayan kwana bakwai ya fara ramewa. Ango ya ce, "Wai ina farantin nan mai dawisu?" Amarya ta sunkuyar da kai: "Gwaggo ta tafi da shi a goge." Gugar da ba a gamawa ke nan.

Kishiyoyi kuwa ba sai an faɗa ba. Amarya ta zo da layi biyar, uwargida ta kwashi adashi ta yi shida.

Wadda nake sara wa ita ce mai asusu. Ba ta da littafin banki, amma ta san kuɗin kowane saiti. Kayan ɗaki nata ne, miji ba shi da ko cokali a ciki. Auren 'ya ya taso ko ciwo ya kama, ta kira dillaliya a ƙule ɗaki, saiti guda ya fita a lulluɓe cikin mayafi. In kaka ta yi kyau, wani saitin ya koma tunkiya a kasuwar Sara, sauran kwanukan a ɗan wara su don a rufe gurbin.

'Yar zamani ta raina duk wannan. Ita sai kuloli da dina-set a cikin dibaida. Samirar kakarta ta ba 'yan gwangwan, aka musanya mata da bokitin roba biyu, har tana ganin ta cuce su. Bikin ƙanwarta ya zo, aka ce sai an yi ranar ƙauyawa, da ƙwarya da fitilar ƙwai da tsohon jere saboda hoto. Ta bi gida-gida har ta dire wajen Hajiya Kar-a-taɓa.

"Hajiya, don Allah na yini ɗaya ne kawai."

"To, 'yar nan. Kawo mai hoton nan, ya ɗauka ta gilashi."