Soyayyar Ɗan Leƙen Asiri da Masu Karanta Ta a Bakin Iyaka

Akwai wani irin littafin soyayya da yake ci yanzu a wayoyin mutane. Saurayin jami'in sirri ne, ya ɓad da kama ya zama direba ko mai gadi a gidan wani hamshaƙi da hukuma ke zargi. 'Yar gidan ta tsane shi tun ranar farko saboda ya taka mata takalmi. Sai faɗa, sai raha, sai a sace ta, sai ya ceto ta, sai a gano ashe mai gadin nan yana da gida a Abuja. Girkin ba sabo ba ne: soyayyar daga tukunyar adabin kasuwar Kano aka ɗebo ta, tun daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmad a 1984 zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, bindigar kuwa aro ce daga littattafan James Hadley Chase da fina-finan James Bond.

A Kano ko Kaduna ana iya karanta irin wannan a wuce. A ƙasar Gumel abin da wuya, musamman Maigatari, inda kwastan da jami'an shige da fice da na farin kaya ba labari ba ne, maƙwabta ne da ake haɗuwa da su wurin mai shayi. Garin da kowace Alhamis raƙuma da dawakai da shanu ke kwararowa daga Nijar, kuma kafin azahar kowa ya san wanda ya zo, da abin da ya kawo, da bashin da ake binsa. Mutanen da sirri ba ya kwana a garinsu su ne suka fi kowa son labarin mutumin da ya ɓoye kansa shafi ɗari uku.

Wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce mai tsallake. Da zarar an ce jarumi ya shiga ofishin shugabansa an baje taswira, sai yatsanta ya fara gudu a kan waya. Ba ruwanta da wanda ya saci takardun sirri. Abin da take nema shi ne wurin da za su maƙale a mota ɗaya, ga ruwan sama, ga yunwa, ga gardama a kan wanda zai ci ragowar tsire. Idan ƙawarta ta tambaye ta me ya sa aka harbi jarumin, sai ta ce, "Oho, ke dai ai ta yi jinyarsa." Kuma ta fi marubuciyar gaskiya, don harbin dama saboda jinyar aka yi shi.

Kishiyarta namiji ne, ɗan acaɓa ko yaron shago, wanda zai rantse maka shi dabarun bincike yake koyo. Soyayya ai ta mata ce. To amma ka tambaye shi sunan ƙungiyar miyagun, zai yi ta kame-kame. Ka tambaye shi launin mayafin da jaruma ta yafa ranar da ta fara yi wa mai gadi murmushi, zai faɗa maka har da zanen bakinsa.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne dattijon da ya san daji. Ba a tambayarsa sana'ar da ya yi da ƙuruciya, shi ma ba ya faɗa, amma duk wata ɓarauniyar hanya daga Sule Tankarkar zuwa cikin Damagaram a tafin hannunsa take. Ba ya karatu da kansa. Jikarsa ce ke kunna masa masu karanta littafi a YouTube, shi kuma yana kishingiɗe yana gyara wa marubuciya aiki. An ce jarumi ya tsallaka iyaka da tsakar dare a mota mai sheƙi, fitila a kunne. Sai ya tashi zaune. "Ke 'yar nan, tsayar. A wannan yashin? Da fitila? Ai tun daga Gagarawa za a hango shi." An ce jarumi ya sa rawani ya saje da 'yan kasuwa, ba wanda ya gane shi. Nan ne dariya ke kama shi har da tari. Baƙo ya shigo kara ranar Alhamis, bai san yadda ake duba haƙorin raƙumi ba, bai iya lissafin sefa da naira ba, ya yi sallama da Hausar cikin birnin Kano, a ce ba a gane shi ba? Dillalai za su riga shugabansa sanin aikin da aka turo shi. Kafin la'asar an raɗa masa suna, kafin magariba an sayar masa da gurgun jaki.

Dattijon yana da hujja. Ya ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, lokacin da Maigatari ta shiga cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe. Ya ga na bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda ya kai Maris 2024. Ya san abin da ke tsallakawa a irin wannan lokaci: shinkafa, man fetur a jarka, taliya, ba wata jakar ƙarfe mai lambobin sirri ba. A ganinsa littafi ɗaya ne ya kusanci gaskiya, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da ya fito a 1982, mai magana a kan fasa-ƙwauri. Duk da haka, idan caji ya ƙare ana tsakiyar labari, shi ne mai aika yaro wurin mai caji da kuɗinsa. "Maza, Baba yana son ya ji ƙarshen ƙaryar nan."

Sai wanda karatun ya hau masa kai. Shi kowa jami'i ne. Mai sayar da agogo da tabarau jami'i ne. Mahaukacin bakin tasha kuwa babban jami'i ne, ba ka ga yadda yake kallon motoci ba? Yankin ciniki marar shinge da aka kafa a Maigatari zamanin Gwamna Saminu Turaki, a wurinsa ba don kasuwanci aka gina shi ba, akwai abin da ake ɓoyewa a rumbunan nan. Ka ce masa buhunan zoɓorodo ne, sai ya yi murmushin wanda ya san abin da ba ka sani ba. Ƙanwarsa a wannan ciwo ita ce budurwar da ta daina wulaƙanta samari matalauta, ba don tausayi ba, sai don kada ta kori mai gida a Abuja. Wani mai faci ya ci moriyar wannan zato wata da watanni, har ranar da ta tabbatar facin dai shi ne.

Mai wa'azi ba ya buƙatar dogon bayani. Yana nan tun zamanin da aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ya ƙwace wayar matarsa don ya ga irin ɓarnar da ake karantawa, kuma yanzu ya kai babi na arba'in yana bincike. Haka ma 'yar a-turo-ci-gaba, wadda ba ta taɓa biyan marubuciya ko sisi ba, amma ita ce kan gaba wajen zagi idan an yi kwana biyu ba sabon shafi a WhatsApp.

Ita marubuciyar ina tausaya mata, ko da yake laifinta ba kaɗan ba ne. Ta iya raha, ta iya gatse tsakanin saurayi da budurwa, a nan ba a kama ƙafarta. Matsalar tana farawa ne idan ta tuna akwai miyagu. Shugabansu kullum yana da tabo a fuska, kullum yana kiran taro don ya bayyana shirinsa da babbar murya kusa da taga. Jarumi ya iya harsuna bakwai, ya iya tuƙa jirgin sama, amma ya kasa cewa "ina sonki" sai an ɗaure su a kujera ɗaya. Jaruma da ta fara da kaifin baki da wayo, da an sace ta sai ta koma suma da kuka. Kuma duk hatsarin da aka sha, da bama-bamai da gubar da aka zuba a lemo, babban tashin hankalin littafin yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da za a kai lefe.

A nan ne gwaggo take shigowa, wadda ba ta karanta ko layi ɗaya ba, labari kawai 'yan matan gida ke ba ta tana tsince riɗi. Ta saurara tsaf har aka zo wurin da jarumi ya bayyana ainihin sunansa a gaban surukai, kowa na murna. Sai ta ajiye faifai.

"Tsaya, Uwani. Mutumin da ya shekara a gidan yana ƙaryar suna, ƙaryar gari, ƙaryar sana'a, shi za a ba 'ya? Ba a tura kowa garinsu bincike ba?"

"Gwaggo, ai aikin gwamnati yake yi."

"Gwamnatin ce za ta zauna da shi? Su waye iyayensa?"

"Marubuciyar ba ta faɗa ba."

"To ku tambayo ta, kafin a karɓi sadaki."